Kunya Shida a Gonar Kawu

Ko zan manta ranar da aka miƙa mini takardar digirina na biyu, ba na jin zan taɓa manta daminar da na bar masara da yunwa a gonar kawuna da ke Morai. Shekaru sun ja, yanzu ni ce ke tsayawa gaban aji ina koya wa 'ya'yan mutane yadda shuka ke ci da sha, amma har gobe in na hangi ganyen masara ya yi ja-ja a bakin hanya sai gabana ya faɗi. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda abin ya shafa sun san kansu, kuma kaso mafi tsoka na laifin a wuyana yake.

A lokacin ina koyar da darasin noma a wata makarantar 'yan mata a Talata Mafara, sai aka ba ni hutun ƙaro karatu na shekara biyu, ba ƙarin ko kwana ɗaya. Shekarar farko ta tafi a aji. Saura damina ɗaya tak, a cikinta zan yi shuka, in tono saiwa, in kai ɗakin gwaji, in rubuta abin da na gani. In daminar nan ta kuɓuce mini hutu ya ƙare, zan koma bakin aiki hannu rabbana, abokan karatuna su wuce su bar ni. Ga ni dama mutum ce mai wutar ciki. Mahaifiyata kan ce ko ranar haihuwata ban jira ungozoma ba, kuma ban taɓa musa mata ba.

Abin da nake bincike a kai ba shi da wuyar faɗa, ko da yake a wancan lokacin nakan ɗaure fuska in sa shi ya yi wuya. A cikin ƙasa akwai wata irin fumfuna, dangin naman kaza, wadda ba ta ruɓar da komai. Zarenta ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba. Takan shiga cikin saiwar masara ta zauna, sauran jikinta kuma ya bazu cikin ƙasa har inda saiwa ba ta iya kaiwa. Daga can take tattaro wani sinadari da ake kira fosfaras, wanda manoma ke samu a takin supa da na kamfa, ta kawo wa masara. Ita kuma masara ta biya ta da sukari da maiƙon da ganyenta ya haɗa a hasken rana. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan. Sai dai ba kullum masara ke buɗe ƙofa ba. A cikin saiwarta akwai ƙwayoyin gado, wato umarnin da Allah ya ajiye a jikin kowane abu mai rai, kuma akwai ɗaya daga cikinsu wadda aikinta shi ne karɓar kayan da fumfunar ta kawo. In masara na jin yunwar fosfaras sai ƙwayar nan ta farka ta kama aiki. In masara ta ƙoshi sai ƙwayar ta yi barci, ciniki ya mutu. Ni aikina in auna, a irin ƙasarmu da irin masararmu, yaushe take farke, yaushe take barci.

Don haka dole in sami masara iri biyu a fili ɗaya, mai ƙoshi da mai yunwa. Filin a wurin kawuna na same shi, yayan mahaifiyata, manomin da duk Morai ta san shi da kyan gona. Mutum ne da in ya saɓa fartanya zai tafi gida ya hangi ciyawa ɗaya, to tafiyar ta fasu. Yana da wani gefe a bakin hanyar da ke zuwa Talata Mafara wanda ya daɗe bai ga taki ba. Na ɗebi ƙasar na kai aka auna, aka ce ta gaji daidai yadda nake so. Muka yi kunya goma sha biyu. Dukansu na ba su yuriya, shida na ƙara musu supa, shida na hana su, na kafa musu turaku masu jan ƙyalle.

Ranar da nake kafa turakun Kawu na tsaye, hannuwansa a baya, yana kallona.

Ya ce, "Ɗiyata, wai mi kike biɗa cikin saiwag ga?"

Na ce, "Fumfuna, Kawu."

"Hunhuna? Subhanallahi! A gonata?"

Shi fumfunar da ya sani ita ce mai ɓata hatsi a rumbu in ruwa ya shiga. Na ce masa ba irin wannan ba ce, na ci gaba da buga turke. Sai ya nuna jajayen ƙyallayen da baki.

"To waɗanga masu jan tsumma, mi sunka yi maki za ki hana masu taki?"

Hadari ya haɗo, ga mota zan kama, ga turaku uku sun rage. Ban ko ɗago kai ba na ce, da irin Hausar da na kwaso a birni, "Kawu, abin na boko ne, ba za ka gane ba. Kai dai kada a taɓa su."

Ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin na ɗauke shi alkawari, na tafi da shi hankali kwance. Sai daga baya na gane "to" ɗin dattijo ne da yarinya ta yi wa rashin kunya a gonarsa ya haɗiye.

Da shuka ta yi sati uku sai bambanci ya fito. Shidan da suka sami supa suka miƙe kore shar. Shidan jan ƙyalle suka tsugune, ganyensu ya yi ja-ja kamar an zuba masa makuba. Ni murna nake yi, don yunwar nake so. Amma filin a bakin hanya yake, kuma ranar Talata duk mai zuwa kasuwa ta nan yake bi. Masu babur har rage gudu suke yi. Da kunnena na ji wani ya ce, "Wagga ita ta gonar mai digiri?" suka kwashe da dariya suka wuce. Ko a jikina. Ni da la'asar nake komawa gari, ban taɓa tsayawa na tuna cewa Kawu ne ke haɗa sahu da mutanen nan sau biyar a rana ba.

Ana haka aka kira ni jami'a don in haɗa kayan gwaji, na yi sati biyu da 'yan kwanaki a can. Ranar da na dawo, tun daga kan babur na ce wa mai babur ya tsaya, na sauko da gudu har takalmina ɗaya ya fita. Kunyoyin jan ƙyalle sun yi kore. Sababbin ganyaye sun fito fatau-fatau, sun kusa kamo 'yan'uwansu. Na tsaya a tsakiyar gona ina dariya ni kaɗai. A raina na ce shi ke nan, yunwa ta tada ƙwayar gadon, ƙofa ta buɗe, fumfuna ta yi jigila har ta cike gurbin supa. Nan take na kira malamin da ke duba aikina, wani dattijo mai sanyin magana wanda sanyinsa ke ƙona mini rai.

"Malam, fumfunar ta yi aiki! Ka ga masarar kuwa?"

Ya ce, "Ikon Allah. Da sauri haka?" Sannan ya ce, "To, tono ki kawo mu gani."

Ni malamar noma ce, na san ruwa ba ya tsami banza, amma ranar ban so in sani ba. Kallon kitse nake yi wa rogo, kuma da wani ya zo ya ce mini rogo ne da mun yi faɗa. Kawu yana can nesa cikin dawarsa yana noma, bai matso ba. Da na je gaishe shi ya dube ni ya ce, "Kin ji daɗi?" Na ce na ji ƙwarai. Ya ce alhamdu lillahi, ya duƙa ya ci gaba da aikinsa.

Tonon saiwar ma wani tashin hankali ne. Ita ƙwayar gado in tana farke wani saƙo take aikawa cikin saiwa, wannan saƙon muke aunawa, kuma da zarar an tumɓuke saiwa yake fara lalacewa. Sai ka tono, ka wanke, ka yanka, ka jefa cikin 'yar kwalba mai ruwan magani, ka tura cikin kula mai ƙanƙara, duk kafin ka ja numfashi mai kyau. Ƙanƙarar kanta sai da na zagaye masu sayar da kifi na gari kafin na haɗa, don wuta ta kwana biyu ba ta zo ba. A tasha direba ya so ya ɗaure mini kular a but ɗin mota tare da buhunan albasa, na ce sai dai ya ɗaure ni tare da ita. A cinyata na rungume ta har jami'a, duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar cikina aka taka.

Na yi kwanaki a ɗakin gwaji kafin saiwar ta kai ga inji. Shi injin layi yake zanawa a kan allon kwamfuta. In ƙwayar gadon tana farke layin kan tashi da wuri ya yi sama, in tana barci sai ya yi ta jan ciki a ƙasa. Na masu supa ya kwanta, dama haka ake tsammani. Na zuba ido ga na jan ƙyalle, ina jiran ya tashi. Ya kwanta shi ma. Na farko, na biyu, har na shida, duk a kwance. Na ɗauki wasu saiwoyin na rina su da shuɗi na sa a madubin da ke ƙara girman abu. Ya kamata in ga fumfunar ta yi rassa cikin saiwa kamar 'yan ƙananan bishiyoyi, cike maƙil. Abin da na gani 'yan tsiraru ne, su ma sun yanƙwane.

Daga ranar zama ya gagare ni. Na ce ko na rikita lambobin kwalabe, na zazzage littafina na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ce ko ƙanƙarar ce ta narke a hanya. Na zargi injin, na zargi mai kula da ɗakin gwajin, bawan Allah da bai ci ba bai sha ba, har na daina amsa gaisuwarsa da kyau. Na sake gwajin da sinadarin da aka ce in yi tattalinsa don ba a samunsa nan kusa, layi ya sake kwanciya. In na zuba abinci sai ya huce a gabana. In na tada salla sai in rasa raka'a nawa na yi, layin nan kawai nake gani a kan darduma. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, don na san damina ta yi nisa.

Da na kai wa Malam takardun ya ce in zauna, na ce a tsaye ma ya yi. Ya sa tabarau ya bi layukan a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ni kuwa ina ta sauya ƙafa.

Ya ce, "Injin bai yi ƙarya ba. Ke ma ba ki rikita komai ba. Masarar nan ƙosasshiya ce."

"Malam, da hannuna na hana ta supa!"

"Na yarda. To wani hannun ya ba ta. Shukar da ta ƙoshi ba ta ciniki da fumfuna, ke kika rubuta haka a babinki na farko." Ya cire tabarau. "Sauran sinadarin na gwaji ɗaya ne, zan kulle shi, ba za ki ƙone shi a kan saiwar nan ba. Ki je ki tambayi gona."

Washegari na kama hanya. Ban taɓa jin tsawon hanyar nan kamar ranar ba. Duk tsayawar da direba ya yi sai na yi tsaki, har wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tambaye ni ko mara lafiya zan je dubawa. A raina na riga na yanke hukunci a kan maƙwabcin gonar, na ce ruwa ne ya kwaso takinsa ya shigo mini, har na shirya maganganun da zan gasa masa.

Na isa Morai da hantsi, na fara shiga gida. Inna, matar Kawu, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta rufe ni da gaisuwa, lahiyar uwata, lahiyar birni, gajiyar hanya, ruwa, karatu, malamai, ni ina amsawa ƙafata ɗaya tana waje. Sai ta ce, tana murmushi tana kaɗa rariya:

"Ke ko kin gode ma kawunki? Masara ta yi kyau sai ki yi shiru?"

Na ce, "Godiyar me, Inna?"

"A'a! Ai shi ya hid da ke kunya. Ran wata Talata yad dawo kasuwa ko tuwo bai ci ba, wai an yi maki dariya rumhwar masu taki, ana ta hwaɗin boko ya kashe gona. Da sassahe yad ɗauki kamfan da yab biɗo don dawatai, yab bi masararki gindi-gindi, masu jan tsumman nan duka. Yac ce kada in hwaɗa maki. To ni ban ga abin ɓoyo ga alheri ba."

Ban san lokacin da na fita ba. Na dai ji Inna tana kirana in sha ruwa.

Na same shi cikin dawarsa yana duƙe. Ban yi sallama ba, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Daga nesa na fara.

"Kawu, ka kashe ni! Ka kashe mini shekara biyu! Na ce kada a taɓa, na ce kada a taɓa!"

Ya miƙe a hankali, ya ajiye fartanya, ya share gumi da gefen riga. Ya ce, "Maraba, ɗiyata. Kin zo lahiya?" Wannan gaisuwar ta fi mari zafi. Sai kawai na fashe da kuka, ina faɗin hutu ya ƙare, sinadari ya ƙare, damina ta tafi, komai a tsinke ba kai ba gindi. Ya bar ni har na yi shiru don kaina.

Sannan ya ce, "Kunya shidda kinka bari da yunwa. Ni ko kunya guda ta hana ni sakat. Ba tawa ba, ni gonata kowa ya san ta. Kunyarki ta. Ina zamne ana ma ɗiyar ƙanwata dariya, ana cewa ta tahi birni ta manta yadda aka ciyar da masara. Na tambaye ki, kinka ce ba ni ganewa. To abin da nig gane shi niy yi. Shuka in ta yi ja yunwa ta, in ko yunwa ta a ba ta abinci. Wanga shi nis sani tun kahin uwarki ta yi wayo."

A lokacin ne idona ya faɗa kan dawar da muke tsaye a ciki. Ta yi fari-fari, karanta siriri, ba irin dawar Kawu ba. Abincinta ne ya ɗauka ya ba masarata. Na nemi fushin da na taho da shi tun daga jami'a na rasa inda ya shiga, sai wata irin kunya da ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Ya zauna a kan kunya, ya nuna mini ta gabansa. "Zamna. Yanzu hwaɗa mani. Ko ban gane ba, na dai ji."

Na zauna, zaman farko da na yi da gaske cikin kwanaki masu yawa. Na faɗa masa da Hausarmu ta gida, ba turanci ko ɗaya. Na ce akwai baƙo a cikin saiwa, mai dogon hannu, yana kawo abinci daga nesa ana biyansa da zaƙi. Na ce akwai mai tsaron ƙofa a saiwar, yunwa ke tada shi, ƙoshi ke sa shi barci, ni kuma so nake in kama shi a farke, shi ya sa na bar kunya shida da yunwa. Duk bayanin bai kai lokacin da ake gasa masara ɗaya ba. Abin da na hana shi ranar turaku ke nan.

Ya daɗe yana tona ƙasa da ɗan tsinke. Can ya ce, "Ashe awa mu da mutumin Damaga." Ban gane ba, sai ya ci gaba.

"Muna yara, babanmu na da wani Bahillace, daga wajen Damaga yake zuwa. Da an yi girbi sai shi sauka gonarmu da shanunai. Mu ba shi kara, mu ba shi damin gero, shanu su bar muna taki. Shekara da shekaru hakanan. Da takin buhu yaz zo, sai munka daina aika mashi. Wallahi ba hwaɗa munka yi ba, ɗiyata. Ƙoshi ya raba mu. Randa buhu yay yi wuya munka waiwaya, babu wanda yas san inda rugatai take." Ya jefar da tsinken. "Wato ni nis sa masararki ta kori baƙonta."

Na ce, "Haka ne, Kawu."

"Da kin hwaɗa mani hakanga ran nan, da ko duk kasuwa ta taru tana dariya ba mai zuba ƙwara guda a wurin."

Babin da na yi wata uku ina rubutawa ya faɗe shi a numfashi biyar, kuma nasa ya fi nawa shiga rai.

Ganewa dai ba ta dawo da damina. Masara ta riga ta yi goyo, ruwa ya kusa ɗaukewa, ba halin sake shuka. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Hutuna ya cika na koma aji, abokan karatuna suka gama, hotunansu da manyan riguna suna ta shigo mini a waya ina sa musu addu'a ina share hawaye. Jami'a ta yarda ta ƙara mini shekara ɗaya, ta ƙarshe, amma wurin aiki ba su ƙara mini hutu ba. Ke nan ko na sake shuka ba mai zama a kanta, sai ranakun Asabar da Lahadi. Na fara gaya wa kaina cewa digiri ba dole ba ne, ina faɗa ina jin ƙaryar a bakina.

Da bazara ta yi, hadarin farko ya fara leƙowa, sai ga Kawu a gidanmu a Talata Mafara, mutumin da ba ya shigowa gari sai ranar kasuwa. Bayan gaisuwa mai tsawo da mahaifiyata ya juyo gare ni.

"Wurin bara ya ɓaci, kamfa ba shi barin ƙasa shekara guda. Akwai wani gehe gaba kaɗan, shi ma bakin hanya, rabonai da taki tun ina da baƙin gemu. Zo ki ɗebi ƙasa ki kai a auna. Ki kawo jan tsummanki. Sauran aiki nawa na."

Haka aka yi. Shi ya ɗaura jajayen ƙyallayen da hannunsa. Ya haƙa 'yar kwata ta gefen maƙwabci don kada ruwa ya kwaso takin wani ya shigo, dabarar da ni mai karatun ban yi tunaninta ba. Da ganye ya sake yin ja, masu babur suka sake rage gudu, har aka sa wa wurin suna gonar hunhuna. Inna ta ce mini in an tsokane shi a bakin masallaci sai ya gyara zama ya ce, "Ku dai ba ku san abin da aka yi ƙasa ba, ciniki aka yi," ya kwashe bayanin baƙo da mai tsaron ƙofa ya zuba musu, har wasu suka fara zuwa leƙen saiwa. Duk Asabar in na zo sai ya karanta mini abin da ya faru a satin daga kansa, ranar da aka yi ruwa, kunyar da ta fara canja launi, ba ya kuskure ko ɗaya.

Ranar da aka sa saiwar a inji da sauran sinadarin nan na ƙarshe, na tsaya a bayan kujera na riƙe ta da hannu biyu. Na masu supa ya kwanta. Na jan ƙyalle na farko ya ja ciki kaɗan, sannan ya ɗaga kai ya yi sama. Na biyu ya bi shi. Har shida. Malam ya ce, "To, yanzu kya zauna?" A madubi kuwa saiwar cike take da 'yan bishiyoyin nan shuɗɗa, reshe kan reshe. Na ɗauki hotonsu a waya, ban tsaya komai ba sai Morai.

Wannan karon na yi sallama, na durƙusa, na bi gaisuwa har ƙarshenta, sannan na miƙa masa wayar. Ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya daɗe yana kallo.

"Wanga shi na baƙon?"

"Shi ne, Kawu."

"Ƙohwa ta buɗe ke nan?"

"Ta buɗe."

Ya miƙo mini wayar ya ce, "To, mun gane." Bai ƙara komai ba, ya ɗauki fartanyarsa. Ni kuwa na fahimci inda maganar ta dosa, kuma na cancanci a faɗa mini ita.

Na daɗe ina cewa tafi guda na kamfa ne ya ci mini shekara. Ba shi ba ne. Kalmomi biyar ne da na faɗa ina buga turke ban ɗago kai ba. Ni ce ƙosasshiyar masarar, na ci ɗan boko na ji ciki ya cika, na rufe ƙofa ga mutumin da ya fi ni sanin ƙasar da nake tsaye a kai. Abin da daminar nan ta koya mini shi ne, wanda ka hana bayani ba zai zauna ya naɗe hannu ba, zai taimake ka da abin da ya sani, kuma in taimakon ya zama ɓarna kai ka jawo. Har yau ina da wutar cikina, ba ta mutu ba. Amma duk ranar da na ji bakina na shirin ce wa ɗaliba ko manomi "ba za ka gane ba", sai in tuna kunya shidan nan, in nemi wuri in zauna.